Mataki na Sha Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Vigo, ruwa na dukan taga.
Jiragen masunta na can bayan tsibirai,
ni ina nan da kofin da ya huce
da layi goma sha ɗaya da na gyara.

Gyaran bai taka kara ya karya ba:
Sabela mai sarin kifi ce ta yi ƙorafi,
wai farashin jatan lande na ɓuya
idan ta kwantar da wayarta.
Na rubuta dalili a gajarce,
na tura cikin rumbu,
na janye hannuna.

Da can ba haka ba ne.
Da can akwai Brais
da littafinsa mai baƙin bango,
matakai ashirin da uku,
rubutu kamar sawun ƙaguwa a kan yashi.
Duk daren Juma'a sai ya kulle ƙofa,
ya kwashi fayil ɗaya bayan ɗaya
zuwa tsohuwar kwamfutar da ke haki
a ƙarƙashin bene, kusa da tsintsiya.
Ran da ya tsallake na sha huɗu,
gwanjon asuba ya buɗe da allo fari fat.
Aka koma ihu da alli,
kifi na jira, ƙanƙara na narkewa.
Kwana biyu Brais bai kalli idon kowa ba.

Da zai koma ƙauye kiwon zuma
ya ajiye mini littafin, bai ce uffan ba.
Wata guda na yi ina mayar da shi
harshen da na'ura ke ji.

To ga shi yanzu.
A wani gini a Frankfurt, wanda ban taɓa gani ba,
wanda muke kira gajimare don kada mu tuna
cewa ƙarfe ne da waya da fanka,
wata kwamfutar aro ta farka.
Minti ɗaya da ya wuce babu ita.
Ta ɗebo abin da na zuba a rumbu,
ta harhaɗa, ta gina,
ta bi littafin Brais layi-layi,
ba hamma, ba ƙishi, ba tunanin gida.
Kore. Kore. Kore.
Na miƙe zan wanke kofi.

Ja.

Na dawo na zauna.
Waƙafi ɗaya ya faɗi a hanya,
yuro sha biyu da rabi
ya zama dubu da ɗari biyu da hamsin.
Ni na yi, da wannan yatsan,
lokacin da nake sauraron ruwa.
Na'ura ba ta yi faɗa ba, ba ta yi dariya ba,
ta dai tsaya a bakin ƙofa ta ce
wannan kaya ba zai wuce ba.

Na duba wane mataki ne ya kama ni.
Na san shi tun kafin in duba.
A littafi an ja masa layi har biro ya huda takarda:
dubi farashi da idonka kafin ka saki.

Na ɗauko waƙafin, na mayar, na sake turawa.
Minti shida.
Tsohuwar manhaja na tsaye a bakin aiki
har sabuwa ta iso ta amsa sallama,
sannan ta sauka, kamar canjin masu gadi,
ba wanda ya ji ƙarar takalmi.
Kwamfutar aro ta koma inda ta fito,
wato babu.

Ƙarfe biyar Sabela za ta kwantar da waya,
ta ga farashi, ta yi tsaki saboda tsada,
ba za ta san an kwana ba.

Na ɗauki hoton jan nan na aika wa Brais.
Sai da gari ya waye ya amsa,
ƙila da safar zuma a hannu ɗaya:
"Sha huɗu?"
Na ce, "Sha huɗu."